Yadda finafinan fargaba ke hana ɗan kallo sakat: amsa ga mai koyon rubutun fim

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon rubutun fim, kuma na gama labarina na farko. Wani Alhaji ne ya rasu a cikin azumi, likita ya ce guba ce, ana zargin mutum huɗu: uwargidansa, amaryarsa, ƙaninsa da direbansa. Na ɓoye wanda ya yi aika-aikar sai a fitowa ta ƙarshe. Abokaina da suka karanta sun ce ƙarshen ya ba su mamaki, amma kafin a kai can babu inda gabansu ya faɗi. Yaya masu finafinan waje suke yi su hana mutum ko tashi shan ruwa, su kuma sa shi zargin kowa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abokan nan naka ka riƙe su da kyau, sun gaya maka gaskiya. Abin da ya cuci labarinka rowa ce. Ka ɗauka ɓoye wa ɗan kallo magana shi ke zaunar da shi, alhali mafi yawan lokuta abin da aka sanar da shi ne ke hana shi sakat. Mutum uku ne a lissafin kowace fitowa: jarumi, mugu, da wanda ya zauna yana kallo. Tambayar da marubuci zai riƙa yi wa kansa ita ce, a nan wa ya san me, kuma yaushe ya sani? Yadda ka raba sanin tsakanin su ukun shi ke haifar da mamaki, ko fargaba, ko zargi.

Wanda ya fi kowa fayyace wannan shi ne Alfred Hitchcock, daraktan nan ɗan Ingila da ya koma Amurka, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1980. A 1962 daraktan Faransa François Truffaut ya zauna da shi suka yi doguwar hira, wadda ta fito a littafi a 1966. A ciki ya kawo misalin mutum biyu suna hira a tebur, sai bam ya tashi a ƙarƙashinsu. 'Yan kallo za su zabura na daƙiƙa 15, shi ke nan. Amma in an nuna musu lokacin da aka dasa bam ɗin, aka sanar da su ƙarfe ɗaya zai tashi, ga agogon bango yana nuna ɗaya saura kwata, to hirar banzar da mutanen ke yi ta zama abin da ba a iya ɗauke ido daga kanta har minti 15. Ɗan kallo ya zama kamar uwar da ta hango ɗanta yana rarrafe ya nufi bakin rijiya, tana can nesa, muryarta ba ta kai wa. A wannan hirar dai Hitchcock ya nuna ba ya sha'awar labaran "wa ya yi kisan", don a ganinsa son sani kawai suke tayarwa, ba sa taɓa zuciya. Irin labarin da ka rubuta ke nan.

Tun a 1958, kafin wannan hirar, darakta Orson Welles ya buɗe fim ɗinsa Touch of Evil da irin wannan misalin kusan yadda yake. Abu na farko da ake gani hannun wani mutum ne yana murɗa agogon bam, ya ruga ya jefa shi a but ɗin wata mota. Mai motar da budurwarsa suka shiga suka tayar. Daga nan kyamara ta bi motar fiye da minti uku ba a yanke ba, cikin wani gari na kan iyakar Meziko da Amurka, tana tsayawa a cunkoso, tana giftawa kusa da wasu ango da amarya da ke tafiya a ƙasa. A shingen jami'an iyaka matar cikin motar tana ta ƙorafin tana jin wani ƙas-ƙas a kanta, ba wanda ya kula ta. Da an yanke hoton ko sau ɗaya, da ɗan kallo ya sami wurin numfashi. Rashin yankewar ne ke tabbatar masa cewa lokacin da ke tafiya a fim shi ne wanda ke tafiya a agogonsa.

Ba dole sai bam ba. Fim ɗin da nake so ka nema ka kalla da biro a hannu shi ne Notorious na Hitchcock, na 1946. Ingrid Bergman ta fito a matsayin 'yar leƙen asirin da ta auri wani ɗan Nazi a birnin Rio na Brazil don ta gano abin da shi da abokansa ke ƙullawa. Akwai ɗakin ajiyar giya a ƙarƙashin gidan, mukullinsa yana jikin zoben mukullan mijin. Ta zare shi a ɓoye, tana dunƙule da shi, sai ga mijin ya fito cikin fara'a ya kama hannuwanta biyu. Ya buɗe na farko ya sumbace shi, babu komai. Ya nufi na biyu, sai ta yi wuf ta rungume shi ta saki mukullin ta bayansa. A daren aka yi walima. Kyamara ta taso daga can saman bene, tana kallon taron manyan baƙi, ta gangaro a hankali ta ratsa su har ta tsaya a kan dunƙulallen hannunta da ɗan ƙarfen nan a ciki. Wato duk wannan ƙasaita, a kan abin da bai kai ɗan yatsa ba take rataye.

Sai agogon, wanda ba agogo ba ne. Idan giyar da aka fito da ita ta ƙare, maigida zai sauka ƙasa ya ɗebo wata, ya laluba ya ga babu mukulli. Don haka kowane lokaci kaɗan sai a nuna mana kwalaben da ke cikin ƙanƙara suna raguwa, ma'aikaci yana yawo da tire, baƙi suna ta miƙa hannu. Mutum ya tsinci kansa yana jin haushin wani tsoho don ya karɓi kofi na biyu. Abin da ke cikin ɗakin ajiyar kuwa, ƙasar yuraniyom ce da aka ɗura a kwalabe, kuma babu ɗan kallon da ya damu da ita. Hitchcock ya sha faɗin cewa abin da 'yan wasa ke fafutuka a kai ba shi da wani muhimmanci ga mai kallo, matuƙar ya yarda su ya dame su.

Yanzu mu zo kan Alhajinka. Ka ce a cikin azumi abin ya faru, ka kuwa bar dukiya a ƙasa ba ka ɗauka ba. Wane agogo ne ya kai kiran sallar magariba? Ba ka buƙatar bayyana wa kowa shi. Ka nuna mana amarya a kicin tana zuba abu a kofin kunun maigida, ta juya, ta rufe da faranti. An shimfiɗa tabarma a tsakar gida, an jera dabino da ƙosai da kankana, ga kofin can a gefen dama inda ya saba zama. Rana ta yi ja. Uwargida tana mitar tsadar sukari, direba ya shigo karɓar kuɗin mai, rediyo yana ta tafsiri. Sai ɗan autan gidan, wanda ita amaryar ta haifa, ya zo ya haye cinyar babansa, mu kuwa ka riga ka nuna mana tun farkon fim cewa kullum Alhaji shi yake fara ba wa kurɓin farko. Ladan ya gyara murya a lasifika. Yanzu wadda ta zuba gubar ta fi kowa shiga uku a gidan, kuma ba ta da bakin magana. In ta yi ihu ta tona kanta, in ta yi shiru ta kashe ɗanta. Ka ba da sirrinka tun minti na goma, amma ka sayi abin da ya fi shi tsada.

Za ka ce ai ɗan kallo ba zai ji wa mai laifi tsoro ba. Zai ji, kuma wannan na daga cikin abubuwan ban kunya na sana'ar. A Psycho na 1960, bayan an kashe matar da muka biyo tun farko, fim bai ma kai rabi ba, saurayin da ke kula da masaukin ya sa gawarta a mota ya tura motar cikin wani kududdufi mai taɓo. Tana nitsewa, sai ta tsaya cak, rufinta a waje. Ya waiga hagu da dama. A wannan 'yan daƙiƙu kusan kowa a zauren kallo fata yake ta ƙarasa nitsewa. Masu kallon finafinan Indiya sun san wannan a Drishyam, wanda aka fara yi da harshen Malayalam a 2013 da Mohanlal, aka sake shi da Hindi a 2015 da Ajay Devgn da Tabu. Tun da wuri an nuna mana wanda ya mutu, da yadda ya mutu, da iyalin da suka ɓoye gawar. Saura duk zullumin ko ƙaramar yarinyar gidan za ta iya riƙe ƙaryar da babanta ya koya mata a gaban 'yan sanda. Duk wanda aka bar mu muka daɗe tare da shi, muka ga yana ƙoƙarin warware wata matsala da hannunsa, sai mun tsinci kanmu a bayansa.

Zargi kuma wata hanya ce daban, kusan kishiyar ta farko. A nan ba a fifita ɗan kallo da sani. Ɗaure shi ake yi a jikin mutum ɗaya, ya ga abin da ya gani kawai, ya ji abin da ya ji, sannan a riƙa ba shi alamu masu fuska biyu. A Suspicion na 1941, Joan Fontaine, wadda ta ci kyautar Oscar da wannan rawar, ta auri wani kyakkyawan mutum mai daɗin baki, Cary Grant. A hankali ta gano maƙaryaci ne, ɗan caca, ya sayar da kujerun gado da mahaifinta ya ba su, an kore shi daga aiki kan kuɗi. Abokinsa mai dukiya ya mutu a Paris ta hanyar da ba ta kwanta mata ba. Sai ga shi yana yi wa wata marubuciyar labaran kisa tambayoyi a kan gubar da ba a iya ganowa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da bayani mai sauƙi, amma in aka jera su biri ya yi kama da mutum. Daren da ya hau bene da kofin madara zai kai mata, Hitchcock ya sa an saka ƙaramin ƙwan fitila a cikin madarar. Gidan duhu, mutumin inuwa, kofin kaɗai ke haske. Ba wanda ya ce akwai guba a ciki. Ɗan kallo ne ya zuba ta da kansa.

Rear Window na 1954 ya fi wannan tsauri. James Stewart mai ɗaukar hoto ne da ya karye a ƙafa, yana zaune a keken marasa lafiya, ba shi da aiki sai leƙen tagogin maƙwabta. Kusan duk fim ɗin daga ɗakinsa ake kallo. Ya ga wani maƙwabci yana fita da akwati cikin ruwan sama da tsakar dare yana dawowa, ya gan shi yana naɗe zarto da wuƙa a jarida, matarsa mai jinya kuma ta ɓace. Abokinsa ɗan sanda ya bincika ya dawo da amsar kowace tambaya: matar tafiya ta yi, an ga an raka ta. Ga inda gwanintar take. Sau ɗaya, jarumin yana barci, an nuna mana mu kaɗai maƙwabcin yana fita da wata mace da asuba. Wannan ɗan ƙarin sanin da aka ba mu ba don ya taimake mu ba ne, don ya sa mu shakkar jaruminmu ne. Zargin da ba a girgiza shi yakan zama tabbas, tabbas kuwa ba ya hana barci. Daga baya aka kashe ɗan karen da ke yawan tono a cikin furannin tsakar gidan. Mai shi ta fasa kuka, kowa ya leƙo ta taga, sai taga ɗaya da ta zauna cikin duhu, ba abin da ake gani sai jan wutar sigari.

Akwai dalilin da ya sa wannan ke aiki, kuma tun zamanin finafinai marasa magana aka gano shi. Lev Kuleshov na Tarayyar Sobiyet ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, ba fara'a ba ɓacin rai, ya haɗa shi da kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, a fuskar da ba ta canza ba. Darasin ga darakta shi ne ya hana wanda ake zargi yin wasan mugunta. A nan finafinanmu suka fi faɗuwa, in faɗa maka gaskiya. Mugu ya shigo yana zare ido, yana cije leɓe, kiɗa ya yi gurnani, wani lokaci ma ya juya baya ya yi murmushin keta don kada wani ya rasa gane shi. Ƙanin Alhajinka ya kamata ya fi kowa kuka a wurin zaman makoki, ya fi kowa hidima da baƙi. Ka nuna shi yana tambayar lauya takardun fili kwana biyu da rasuwa, ka yanke zuwa fuskarsa a sake, ka ƙyale mu da ita. Wataƙila marayu yake karewa.

Za ka iya haɗa hanyoyin biyu a fitowa ɗaya. A Andhadhun na 2018, Ayushmann Khurrana makaɗin fiyano ne da ke ƙaryar makanta. An gayyace shi wani gida ya yi kiɗa, matar gidan ta buɗe masa, ya zauna ya fara, sai idonsa ya sauka kan gawar maigidan kwance cikin jini. Dole ya ci gaba da kiɗa yana murmushi. Ya nemi a kai shi banɗaki, ya tarar da wani ƙato a tsaye da bindiga, dole ya yi kamar ba kowa. Mu mun san yana gani, su suna zargin ko yana gani, shi bai san iya abin da suka gane ba. Da ya je ofishin 'yan sanda kai rahoto, ƙaton nan ne sufeton wurin.

Game da sauti ba zan ja ba, don abu ɗaya ne: kiɗa alkawari ne, kada ka yi shi barkatai. A Jaws na 1975, fim ɗin wani ƙaton kifi mai cin mutane, na'urar kifin da aka ƙera ta yi ta lalacewa a cikin ruwan teku, sai Steven Spielberg ya koma nuna ganguna masu launin rawaya da kifin ke ja, tare da sauti biyu na mai tsara kiɗa John Williams da ke maimaituwa. Lokacin da wasu yara suka tsorata masu wanka da jabun fiffiken kifi, ba a sa wannan kiɗan ba, don ba a yi wa kunnen ɗan kallo ƙarya. Shiru kuma ya fi kiɗa kaifi in an san inda za a ajiye shi. A Rififi, fim ɗin Faransa na 1955, ɓarayi sun shafe kusan rabin awa suna fasa shagon gwala-gwalai ta rufi, ba magana ba kiɗa. Sun huda ƙaramin rami, suka zura laima suka buɗe ta a ƙasa don ta tare ɓaraguzan da za su faɗo su tayar da ƙararrawa. A irin wannan shirun, tarin mutum ɗaya ya isa ya kaɗa hantar mai kallo. Wannan kuwa ba ya cin ko sisi, abin da ya kamata mai ƙaramin jari ya lura da shi.

In ka nace sai ka riƙe sirrin wanda ya yi kisan, ba haramun ba ne, amma ka sa wa mai binciken wa'adi da abin da zai rasa. Kunle Afolayan ya yi haka a October 1 na 2014. Marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayin Sufeto Danladi Waziri, ɗan sanda daga Arewa da Turawan mulki suka tura wani gari a Yammacin Najeriya inda ake kashe 'yan mata, aka ce ya gama binciken kafin ranar 1 ga Oktoban 1960. Baƙo ne, ba ya jin harshen garin, kisan kuma bai tsaya ba. Kowace rana da ta wuce wata rai ce. A naka labarin Alhaji ya riga ya mutu, ba wanda ke cikin haɗari, to me zai sa gaban wani ya faɗi? Ka sa a kama direban da bai ji ba bai gani ba, ko ka sa akwai wanda ya ga abin da aka yi kuma mai laifin ya fara lura da shi.

Saura batun biyan bashi, don duk fargabar da ka tara bashi ce a wuyanka. A Sabotage na 1936 Hitchcock ya ba wani yaro ƙunshi ya kai wani wuri a Landan, bai san bam ba ne da zai tashi ƙarfe biyu saura kwata. Mai tallan man goge baki ya tsare shi, faretin gari ya tare masa hanya, ya hau bas yana wasa da ɗan kwikwiyon wata fasinja, ana ta nuna agogunan titi. Bam ɗin ya tashi, yaron ya mutu. Daga baya Hitchcock ya ce kuskure ne, don 'yan kallo sun sha wahala tare da yaron kuma ba a saka musu da sauƙi ba, sai suka fita da haushi. A Suspicion kuma akasin haka aka yi. A littafin da aka ɗauko labarin mijin makashi ne, amma a cewar Hitchcock kamfanin RKO da ya shirya fim ɗin bai yarda a mai da Cary Grant mai kisa ba, sai aka ƙare da cewa gubar kansa ya so ya ba wa saboda bashi ya yi masa katutu. Ni a wurina wannan na biyun ya fi na farko ciwo. Mutuwar yaron tana da zafi amma ba ta saɓa wa abin da aka nuna ba, ita kuwa wankewar mijin ta bar kujerun da ya sayar da ƙaryace-ƙaryacensa da mutuwar abokinsa a tsaye ba mai ɗauke su, mace kuma ta koma gida da shi tana neman gafara. Saboda haka kafin ka taɓa fitowar ƙarshe, ka ɗauki takarda ka jera duk alamar da ka dasa a kan mutanen nan huɗu, ka rubuta a gaban kowace ma'anarta in mai ita yana da laifi, da ma'anarta in ba shi da shi. Wadda ta ba ka amsa ɗaya tak, ko dai ka gyara ta ko ka cire ta.